Kafin Ka Sayar Da Gonar Lajawa Ka Sayi Gida A Ƙasar Waje

A majalisar dattawan Lajawa, bayan an idar da sallar La'asar an baje tabarmi, akwai addu'ar da ba ta rasa fitowa daga bakin duk wanda ya taɓa sauke farali: "Allah Ya maimaita mana, Ya sa can ne makwancinmu." Sai kowa ya shafa, a amsa da amin. Shekaru da dama maganar a nan take tsayawa. Yanzu kuwa ta fara wuce addu'a ta koma shawara. Ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60 a duniya, da ɗan kasuwar da ya tsufa a karar shanu ta Wudil, da dattijon da ɗansa ke aiki a Jidda ko Dubai, duk wayar hannu tana kawo musu hotunan gidaje masu sheƙi da alƙawarin izinin zama. Daga nan tambaya take tasowa: shin in sayar da gona da gidan haya, in haɗa da garatuti, in je can in ƙarasa sauran kwanakina?

Buri ne mai kyau, kuma ba wanda ya isa ya zargi mai shi. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu wannan niyya daga ƙarshe suke farawa. Tambayarsu ta farko ita ce kuɗin gida, alhali sayen gida shi ne mataki na shida cikin bakwai. Don haka zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, a jeren da ya kamata a bi su.

Hanyar da kakanni suka bi

Titin da ya tashi daga Kano ya haye gadar Wudil ya nufi Maiduguri, hanyar gabas ce, kuma gabas ɗin nan kakanninmu suka riƙa dosa tun kafin zuwan mota da jirgi. Maniyyaci yakan bi ta Borno da ƙasar Chadi ya shiga Sudan, yana tafe yana noma ko ƙodago, har ya isa gaɓar Bahar Maliya ya haye zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun dawo da sunan Alhaji, wasu sun zauna a hanya, wasu kuma sun yi zamansu a Makka da Madina har Allah Ya karɓi abinSa. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka ci gaba da tafiya, suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Ke nan ƙaura a ƙarshen rayuwa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Amma abu biyu sun bambanta zamaninmu da nasu. Na ɗaya, yau ƙasa ba ta shiguwa sai da fasfo da biza, kuma ba ta zaunuwa sai da takarda mai wa'adi. Na biyu, mun ga da idonmu yadda ƙasar da ake ganin ta zama gida take juyawa. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibanmu ta kan iyakar Masar, daga baya wutar ta kai Wad Madani, yankin da Hausawa suka shafe fiye da ƙarni suna zaune. Mai gida a can bai iya ɗaukar gidansa ya gudu da shi ba. Riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Mataki na farko: tantance dalilin tafiyar

Zauna kai kaɗai ka tambayi kanka abin da kake nema. Galibi ba ya wuce ɗayan huɗu: kusantar Harami don ibada, samun asibiti mai kyau, zama kusa da 'ya'ya da jikoki, ko neman natsuwa daga matsalar tsaro da wahalar wuta da ruwa. Kowane dalili da ƙasar da yake nunawa, kuma wani dalilin ma ba ya buƙatar ƙaura. Mai son ibada zai iya yin Umara duk shekara, ya yi azumin Ramadana a Madina ya dawo. Mai neman likita zai iya zuwa Alƙahira sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar yadda Kanawa da yawa suke yi. Idan ziyara za ta biya buƙata, to an huta da sauran matakan.

In kuwa zaman ne dai ake so, sai a tara iyali. Uwargida da aka yi shekara 40 tare tana da 'yan'uwa da maƙwabta da bukukuwa da ta'aziyya da ta saba zuwa, kuma ita ce za ta fi jin kaɗaici a ɗakin bene da ba ta san kowa ba. A nan akwai abin da 'yan talla ba sa faɗa. Ƙasashe irin su Turkiyya da Ingila dokarsu mace ɗaya ta sani, saboda haka mai mata biyu ko uku ba zai samar wa dukansu izinin zama a matsayin matansa ba. Haka nan 'ya'ya maza da suka girma galibi ba sa shiga ƙarƙashin takardar mahaifinsu. Wanda bai warware wannan tun a gida ba, zai raba iyalinsa biyu da hannunsa.

Mataki na biyu: izinin zama kafin gida

Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Mallakar gida daban, izinin zama daban. Mutum zai iya mallakar gida a Landan amma a hana shi bizar shiga Ingila, domin sayen gida a can ba ya ba kowa damar zama, kuma bizar masu zuba jari da ake bayarwa a da an rufe ta tun Fabrairun 2022. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin gida, a tambayi wace takarda ce za ta ba dattijon da ba ya aiki damar zama, shekara nawa take yi, kuma me zai sa a soke ta. Bari mu duba ƙasashen da mutanenmu suka fi ambata.

Saudiyya. Izinin zama a can igama ake ce masa. Igamar da yawancin 'yan'uwanmu ke riƙe da ita a can ta aiki ce, a ƙarƙashin wanda ya ɗauke su, kuma ranar da aikin ya ƙare ita ma ta ƙare. Ga wanda ba ya aiki, a shekarar 2019 aka fito da igama ta musamman wadda ba ta buƙatar uban gida: ana biyan riyal 800,000 sau ɗaya don zaman dindindin, ko riyal 100,000 don shekara guda. A Janairun 2024 aka ƙara wasu nau'o'i, ciki har da na mai gida, da sharaɗin gidan ya kai darajar riyal miliyan 4 kuma babu bashi a kansa. Game da Makka da Madina, dokar shekarar 2000 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallaka a cikinsu sai ta hanyar gado, amma mai igama ta musamman an ba shi damar cin moriyar gida har shekara 99. A Yulin 2025 majalisar ministocin ƙasar ta amince da sabuwar dokar mallakar baƙi, aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026. A cikinta hukuma ce ke ware yankunan da baƙo zai iya saye, kuma mallaka a birane biyun masu alfarma ta taƙaita ga Musulmi bisa sharuɗɗa na musamman. Ƙofa ta buɗe fiye da da, amma ƙofa ce mai tsada.

Akwai kuma hanyar da kowa ya sani, ta shiga da bizar Umara a ƙi dawowa, wato zaman takari. Ina roƙon duk dattijo ya nisance ta. Mai zaman takari ba ya iya zuwa asibiti hankali kwance, ba ya iya kama haya da sunansa, kullum a cikin fargabar kamu yake, kuma ƙarshenta tara ce da tsarewa da kora da hana dawowa. Mai shekara 65 da hawan jini ba zai iya wannan rayuwa ba, kuma ibadar da aka je dominta tana son kwanciyar hankali.

Dubai. Tun shekarar 2002 aka ba baƙi damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni. Akwai bizar 'yan ritaya ta shekara biyar ga wanda ya kai shekara 55, idan yana da gida na dirhami miliyan 1, ko ajiyar banki ta wannan adadi, ko tabbataccen kuɗin shiga na wata-wata. Mai gidan dirhami miliyan 2 kuma zai iya neman bizar shekara goma. Amma mu tuna cewa daga Oktoban 2022 har zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza. Saɓani tsakanin gwamnatoci biyu yana iya shiga tsakanin mutum da ƙofar gidansa, ko tsakaninsa da jikokin da ke son kawo masa ziyara.

Turkiyya. Tun watan Yunin 2022, sai gida ya kai dala 400,000 kafin a nemi zama ɗan ƙasa da shi, kuma ba za a sayar ba sai bayan shekara uku. Don izinin zama kaɗai, tun Oktoban 2023 sai gidan ya kai dala 200,000. Lura cewa duka adadin biyu ƙari aka yi a kan na baya. Haka Maleshiya ta tsaurara sharuɗɗan shirinta na baƙi mazauna a 2021, Fotugal ta cire sayen gida daga hanyoyin samun izinin zama a 2023, Sifaniya kuma ta rufe nata shirin gaba ɗaya a Afrilun 2025. Waɗannan dokoki na gwamnatocin can ne, suna sauya su lokacin da suka ga dama ba tare da sun shawarci baƙo ba.

Nijar da Ghana. Ga mutumin Lajawa, Maraɗi da Damagaram kusan gida ne: harshe ɗaya, tuwo ɗaya, malamai da dangi a haɗe, kuma in an yi rasuwa a gida mota za ta kawo ka a yini guda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Sai dai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, kuma a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. A Ghana akwai zangunan Hausawa masu tsohon tarihi a Kumasi da Accra, amma kundin tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa ta har abada, iyakarsa hayar shekara 50. Dattawan zango kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, mutane suka karyar da gidaje da shaguna suka taho.

Duk adadin da na kawo, a sake tabbatar da shi daga ofishin jakadancin ƙasar ko shafin hukumarta na intanet a ranar da za a yanke shawara, ba daga bakin dillali ba.

Mataki na uku: lissafin kuɗi

Fanshonka da naira ake biyan ka, ko kana ƙarƙashin tsarin tarayya da hukumar PenCom ke kula da shi, ko kana karɓa daga asusun fansho na Jihar Kano. Cefanenka kuwa da kuɗin can za ka yi. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala ɗaya, dirhami ma haka, kusan 3.67. Sefa kuma a ɗaure take da yuro. Ma'ana duk ranar da naira ta faɗi, abincinka ya ragu ko da ba a ƙara ko kwabo a kasuwar can ba.

Ga misali. Mu ɗauka fanshon Malam naira 150,000 ne a wata. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan kuɗi ya haura riyal 1,200. Bayan da aka saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta wuce naira 1,500 a 2024, sai kuɗin nan ya koma riyal 375. Fanshon bai ragu a takarda ba, amma kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ya tafi. Duk wanda ke zuwa kasuwar canji ta Wapa ya san wannan ba labari ba ne.

Da wannan farashi na naira 1,500, igamar dindindin ta riyal 800,000 ta kama naira miliyan 320, kuma ba a sayi ko ɗaki ɗaya ba tukuna. Gidan riyal miliyan 4 ya kama naira biliyan 1.6. Gidan dirhami miliyan 1 ya haura naira miliyan 400. Mai karatu ya auna waɗannan da garatutinsa da kuɗin gonarsa, zai ga inda ya tsaya.

Ga wanda Allah Ya hore wa, ƙa'idar ita ce ya raba dukiyarsa uku. Kaso ɗaya na gida da kuɗin takardu. Kaso na biyu ajiya ce da kuɗin ƙasar da zai zauna, wadda za ta ciyar da shi aƙalla shekara biyu ko da ba a aiko masa da komai daga gida ba. Kaso na uku ya bar shi a Najeriya yana aiki. Idan sayen gidan zai cinye kaso ukun, to gidan ya fi ƙarfinsa.

A fitar da kuɗin ta hanyar banki, da takardar da ke nuna inda aka samo su: shaidar sayar da gona, takardar biyan garatuti, bayanan asusu. Bankunan waje suna tambayar asalin kuɗi, kuma dokar Najeriya ta wajabta bayyana duk tsabar da ta haura dala 10,000 ga jami'an kwastam a filin jirgi. Wanda kuma yake kan muƙamin gwamnati ya tuna cewa tsarin mulki ya wajabta masa bayyana kadarorinsa, ya kuma hana manyan masu muƙami riƙe asusun banki a waje.

Mataki na huɗu: lafiya, yanayi da jama'a

Jikin da za a kai can ba na ɗan shekara 30 ba ne. A Saudiyya da Dubai inshorar lafiya wajibi ce a kan baƙo mazauni, kuma kuɗinta yana hawa da shekaru. Mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda zai biya fiye da kowa, wani lokacin ma a cire tsohon ciwon daga abin da inshorar za ta ɗauka. Ka nemi farashin a rubuce, da shekarunka na gaskiya da ciwonka na gaskiya, kafin ka sa hannu a kan komai.

Sai yanayi. Mun saba da zafin bazara, amma a aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300. A irin wannan wuri na'urar sanyaya ɗaki kamar abinci take, kuɗin wutarta kuma yana cikin lissafi. A Turkiyya kuwa sanyin hunturu ne da ƙanƙara, wanda gwiwar dattijo ba ta saba da shi ba.

Na uku shi ne wanda ba a saye da kuɗi. A Lajawa idan ba a gan ka a sallar Asuba ba, kafin hantsi an aiko yaro ya duba lafiya. Ana ɗaurin aure a nemi albarkarka, ana rikicin iyakar gona a kira ka shaida, domin ka san wanda ya dasa kowace bishiya. A can kai baƙo ne mai lamba a jikin kati. Ka tambayi kanka: da wane harshe zan gaya wa likita inda ke mini ciwo? Wa zai kwana da ni a asibiti? Wa zai yi mini wanka ya bi gawata? In amsar ita ce ɗanka da ke aiki a can, ka tuna shi ma igamar aiki gare shi, ana iya sallamarsa ya dawo gida ya bar ka.

Mataki na biyar: haya kafin saye

Gani ya kori ji. Kwana goma na Umara a otal kusa da Harami ba su nuna wa mutum yadda zaman gari yake. Ka kama haya, ka zauna gwargwadon abin da bizarka ta halatta, in da hali ka ga zafi ka ga sanyi, ka yi azumi ka yi Sallah a can. Ka riƙe littafi kana rubuta duk abin da ka kashe: cefane, wuta, ruwa, mota, magani, kuɗin waya. Ka je asibitin unguwar, ka yi sallah a masallacinta, ka nemi Hausawan da suka daɗe a garin ka saurare su, musamman waɗanda suka yi asara. Ka lura da uwargida, ko tana walwala ko ta yi shiru.

Kuɗin hayar shekara ɗaya ba asara ba ne. Shi ne kuɗin makarantar da za ta hana ka asarar dukiyar shekara 35. Mutane da yawa a wannan mataki suke gane cewa wata uku a can, wata tara a gida, shi ya fi musu.

Mataki na shida: sayen gidan

In an wuce matakai biyar lafiya, sai a zo ciniki. A gida mun saba da dillali da mai unguwa da shaidu da shan hannu. A can takardar hukuma kaɗai ke magana, don haka a kiyaye waɗannan.

Ka ɗauki lauyanka na kanka, mai lasisi a ƙasar, wanda kai kake biyansa. Lauyan kamfanin da ke sayarwa kamfanin yake karewa. Ka sa a fassara maka yarjejeniyar gaba ɗaya kafin ka sa hannu.

Ka tabbatar a ofishin rajistar filaye cewa mai sayarwa shi ne mai gidan, babu jingina ko shari'a a kansa, kuma unguwar tana cikin inda aka yarda baƙo ya mallaka. Ka san irin mallakar: ta har abada ce ko ta wa'adi? Ko a nan gida, tun dokar filaye ta 1978, shaidar mallakar da gwamna ke sa wa hannu yawanci ta shekara 99 ce, to balle a ƙasar wasu. Rushe-rushen tsofaffin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, inda 'yan Afirka da yawa suka shafe shekaru, ya nuna cewa daɗewa a wuri ba ta maye gurbin takarda.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Gidan da ba a gina ba, wanda hotonsa kawai aka nuna maka, yana da araha saboda haɗarinsa a wuyanka yake. A Dubai dokar 2007 ta wajabta zuba kuɗin masu saye a asusun amana na aikin, don haka in ka ga an ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ka tsaya. Kuma farashin gida yana faɗuwa: a rikicin tattalin arziki na 2008 zuwa 2009 gidajen Dubai sun yi asarar kusan rabin darajarsu.

Ka lissafa abin da ke bayan farashi. A Dubai hukumar filaye tana karɓar kashi 4 cikin 100, dillali yakan karɓi la'adar kashi 2, sannan ga kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara ko kana ciki ko ba ka ciki. A Saudiyya akwai harajin kashi 5 cikin 100 a kan cinikin gidaje.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi cin mutanenmu: kada ka sayi gida da sunan wani. Ko amininka ne ɗan ƙasar, ko surukinka, ko ɗan'uwanka mai igama. Yana iya zama mutumin kirki har ya mutu, amma ranar da ya mutu gidan ya shiga gadonsa, kuma magadansa ba su san alƙawarin da kuka yi ba. Kotun can sunan da ke kan takarda za ta duba.

Mataki na bakwai: gado

Wanda ya sayi gida don ƙarshen rayuwa dole ya yi tunanin bayan ransa. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce gida yana bin dokar ƙasar da yake cikinta. A Saudiyya da Daular Larabawa kotu za ta raba wa magadan Musulmi bisa shari'a, amma sai sun kawo takardun shaidar magada daga kotun gida, an fassara, an buga hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadanci. Kafin nan ana rufe asusun mamaci, kuma izinin zaman matarsa da ke rataye da nasa yana shiga haɗari. A Ingila kuwa gwamnati tana karɓar harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma in babu rubutacciyar wasiyya dokarsu za a bi, ba rabon Musulunci ba.

Saboda haka ka zauna da malami masanin gado da lauya tare. Ka rubuta wasiyya wadda ƙasar za ta amince da ita, cikin iyakar da shari'a ta gindaya, wato kada ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Ka ajiye kwafin duk takardu a gida Lajawa a hannun amintattu biyu, ka sanar da dukan 'ya'yanka, na kowane ɗaki, abin da ka mallaka da inda yake. Dukiyar da aka ɓoye wa iyali a ƙasar waje, sau da yawa ba ta dawowa.

Igiyar da ba a tsinkewa

Mu koma kan mutanen Khartum da na Kumasi. Da rana ta ɓaci, wanda ya bar gida da gona a garinsu ya dawo ya buɗe ƙofarsa. Wanda ya sayar da komai ya dawo ya raɓa a zauren wani. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a wannan zamani na biza da canjin kuɗi maganar ta ƙara nauyi. Gonar gado tana ba ka gero da dawa da wake ko dala ta hau ko ta sauka, ba ta neman a sabunta mata takarda duk shekara biyar, kuma ita ce za ta tara jikokinka bayan ba ka.

Don haka, ya kai dattijona, in Allah Ya hore maka abin da za ka sayi gida a Madina ko wani gari ba tare da ka taɓa gidanka da gonarka ba, ka bi matakan nan a jere, Allah Ya sa albarka. In kuwa sai ka sayar da su tafiyar za ta yiwu, to ka bar su. Ka gyara gidanka, ka haƙa rijiyar burtsatse, ka sa wutar sola, ka ware kuɗin magani, sauran ka riƙa zuwa Umara da shi duk lokacin da hali ya yi. Inda kabarin kowa yake Allah kaɗai Ya sani, kuma niyyar alheri ba ta faɗuwa ƙasa banza a wurinSa. Kada ka sayar da gonar Lajawa.